Farashin hatsi ya ƙi zama a R, wa zai taimaka?

Rakiya: Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina wuninku? Ina rubuta memuwar ta masta a kan hawa da saukar farashin hatsi a kasuwannin jihar Maradi: Tasawa, Dakoro, Mayahi, Agye, Gidan Runji, Madarunfa da babbar kasuwar cikin gari. Da KoboToolbox, manhajar yin anketa a waya, aka tattara bayanan. Na sauko da fishiyen CSV, na buɗe shi a R, manhajar lissafin bayanai, da `read.csv()`, sai ga komi ya cunkushe cikin kolon guda. Sunan Aguié kuma ya koma "AguiÃ©". Na lallaɓa na rarraba kolon ɗin, da na nemi `mean(farashi)` sai R ya ba ni NA, wato babu amsa. Malamin da ke duba aikina yana jiran tablo na farko. Don Allah a agaza.

Isuhu: Wa alaikumus salam. Ƙanwa, kwantar da hankalinki, duk wanda ya taɓa R a ƙasar nan ya sha wannan. `read.csv()` waƙafi yake nema tsakanin kolon da kolon, naki fishiyen kuwa waƙafi mai ruwa ne a ciki. Excel na Faransanci haka yake ajiye CSV, don a wurinsu waƙafi na cikin lamba ne, 2,5 suke rubutawa inda mai Ingilishi zai rubuta 2.5. Gwada `read.csv2()`, dama don irin wannan aka yi shi.

Malam Sani: Isuhu, a yi hattara kaɗan. `read.csv2()` abu biyu yake ɗauka tare: waƙafi mai ruwa tsakanin kolon, da waƙafi cikin lamba. In fishiyen daga Kobo ya fito kai tsaye bai bi ta Excel ba, ɗigo ne a cikin lambobinsa. Kolon zai rabu lafiya lau, amma 2.5 ya koma rubutu, ba za a iya lissafi da shi ba. Rakiya, yi haka:

`d <- readr::read_delim("farashi.csv", delim = ";")`

Ko kuma ki huta da duk wannan, ki sauko da XLSX daga Kobo ki karanta da `readxl::read_excel()`. Maganar "AguiÃ©" kuwa, fishiyen UTF-8 ne aka karanta shi da tsohon tsarin haruffan Windows. Wane R gare ki? Buga `R.version.string` ki gaya muna.

Rakiya: 4.0.3 ne Malam. Wata ƙawata ta zuba mani daga kile.

Malam Sani: To ga shi nan. Sai daga 4.2.0, wanda ya fito a watan Afrilu 2022, R na Windows ya koma aiki da UTF-8 da kansa. Kafin nan ƙ da ɗ da ɓ sun fi é shan wahala ma. `readr` zai karanta maki daidai ko a tsohon, amma ki sabunta, za ki gode mani lokacin da kika zo sa sunayen ƙauyuka a kan zane.

Isuhu: Na karɓa Malam. Saura NA. Rakiya, turo muna abin da `str(d$farashi)` ya nuna.

Rakiya: chr ya ce, wato rubutu. Ina ganin "750", "1 500", "700 F", "150", wani wurin "nsp" (wato "bai sani ba" da Faransanci), wani wurin "999".

Isuhu: Shi ke nan, an bar gurbin farashi a matsayin rubutu tun a fom, kowa ya shigar da abin da ya ga dama. Tunda farashin ba ya da ɓurɓushi, share duk abin da ba lamba ba:

`d$kudi <- as.numeric(gsub("[^0-9]", "", d$farashi))`

Wannan zai kwashe F ɗin, da ratar da ke cikin "1 500", har da irin ratar nan da Excel ke sawa wadda ido ba ya bambanta ta da ta kullum. "nsp" zai zama NA, kuma daidai ne. 999 ki duba takardar tambayoyi, in alama ce ta "bai sani ba", ki maida ita NA da `dplyr::na_if()`. Sannan kar ki yi saurin sa `na.rm = TRUE`. Fara da `sum(is.na(d$kudi))` ki san nawa kike zubarwa, kuma daga wace kasuwa.

Rakiya: Allah ya saka da alheri, ya yi. Amma ga wani sabon abu. Na yi `hist(d$kudi)`, tudu biyu ya fito. Mafi yawa suna can wajen 700 zuwa 800, wasu kuma sun taru wajen 150. Tiyar hatsi a 150? Ko a kaka ban ga haka ba.

Mamman: Kurakuran masu anketa ne kawai. Yi `boxplot.stats(d$kudi)$out`, duk abin da ya fito ki watsar. Ƙa'ida ce sananna, abin da ya wuce ninki 1,5 na tazarar da ke tsakanin kwata ta farko da ta uku. Haka aka koya muna.

Dokta Hadiza: Mamman, a'a. Rakiya, kar ki goge ko layi guda tukuna. Kuskuren hannu ba ya taruwa wuri ɗaya ya yi tudu, warwatse yake zuwa. In kika ga tudu na biyu, akwai dalili a bayansa. Ninka 150 sau 5 ki gani.

Rakiya: 750... Innalillahi. Dala ce!

Dokta Hadiza: Ita ce. Mai hatsi ya ce "ɗari da hamsin", yana nufin dala, wani mai anketa ya juya zuwa sefa a kansa, wani ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Da kin bi shawarar Mamman, da kin zubar da bayanan gaskiya, watakila ma kasuwa guda sukutum, sannan ki rubuta a memuwar cewa kin tsabtace. Ita ƙa'idar 1,5 ɗin nan don ta nuna maki inda za ki duba aka yi ta, ba ta ce ki goge ba. Kuma in ƴan dalar sun yi yawa, akwatin zanen kansa zai buɗe ya haɗiye su, ba za ta ma nuna su ba.

Mamman: To Dokta, sai ta ce duk abin da ke ƙasa da 300 a ninka shi sau 5. Layi ɗaya ne da `ifelse()`.

Dokta Hadiza: Ya fi na farko, amma ban yarda da shi ba har yanzu. Wa ya ce maka duk ƙaramar lamba dala ce? Wani zai iya ba da farashin kilo maimakon tiya. A gefen Madarunfa da Ɗan Isa, kusa da Jibiya, akwai mai faɗa maka da naira. In ka sa iyaka da ka, ka haɗa su duka ka ninka. Fara tambayar bayanan su wa suka shigar da su:

`d |> group_by(mai_anketa, kasuwa) |> summarise(n = n(), tsakiya = median(kudi, na.rm = TRUE))`

In ƙananan lambobin duk na mutum ɗaya ne ko biyu, kin kama bakin zaren. Sai ki ɗauki waya ki kira su. Babu pakitin R da zai maye gurbin wannan kiran.

Rakiya: Tanti, ya ba ni kuskure a kan alamar `|>`.

Malam Sani: Ita ma daga 4.1.0 ta shigo, Mayu 2021. Kafin ki sabunta, sa `%>%` bayan kin kira `library(dplyr)`, nan aikinsu ɗaya.

Baba Abdu: Salamu alaikum yara. Na daɗe ina karanta ku ban ce komi ba. Ɗiyata Rakiya, abin da Dokta ta faɗa maki ki riƙe shi. Zamanin da munka yi aikin kasuwanni da takarda da biro, abin da anka fara koya muna shi ne ka rubuta ma'auni kafin ka rubuta kuɗi. Tiya ba kilo ba ce. Ana ɗaukar tiyar hatsi kusan kilo biyu da rabi, amma kwanon wagga kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma akwai mai cika da tozo, akwai mai shafewa. Wake da gujiya da aya kowanne da nauyinsa a kwano guda. In masu anketarki sun auna tiya da sikeli a kowace kasuwa, yi aiki da nasu awon. In ba su auna ba, ki bar farashinki a tiya, ki faɗa a rubuce cewa a tiya yake. Kar ki ninka da 2,5 ki fito da lamba mai ɓurɓushi biyu kamar kin auna. In kina son gwaji, SIMA, masu bin kasuwannin amfanin gona a ƙasar nan, na fitar da farashin kasuwanni, ki kwatanta tafiyar naki da nasu wata bayan wata.

Amma ni abin da ban gane ba, mi ya hana ta buɗe Excel ta gyara layukan nan da hannu? Kafin ku gama gardamar alamomi da ta ƙare.

Isuhu: Baba, da girmamawa, nan ne ba mu tare. In ta gyara da hannu yau, gobe masu anketa sun turo na sabon mako, ta sake saukowa daga Kobo, duk gyaran ya tafi. Ta sake daga farko, kuma ba lalle ta tuna abin da ta taɓa ba. Ranar kare memuwar wani malami ya ce "layi nawa kika canza, don mi?", sai ta yi shiru.

Baba Abdu: Mu ma muna rubuta abin da munka canza, a littafi. Ba ku kunka ƙirƙiro lura ba.

Dokta Hadiza: Gaskiyarka Baba, kuma littafin nan naku shi nake so ta yi, sai dai R ne zai karanta shi. Rakiya, buɗe ƙaramin fishiye a Excel, ki sa masa suna gyara. Kolon huɗu: lambar layin da Kobo ya ba shi, wato `_uuid`, tsohon farashi, sabon farashi, da dalili, misali "dala ce, mai anketa ya tabbatar ta waya". A skript sai ki haɗa shi da bayanan:

`d <- d |> left_join(gyara, by = "_uuid") |> mutate(kudi = coalesce(sabo, kudi))`

Kin ga hannu ya yi aikinsa, skript ya yi nasa. Fishiyen asali kuwa ki sa shi a jaka ta daban, kar ki taɓa ajiye komi a kansa.

Baba Abdu: To wannan na yarda. Iri ke nan, ba a daka shi a yi fura. Ku ci gaba.

Mamman: Ni dai har yanzu ina ganin an tsawaita abu. A wurin aikinmu rahoto ake jira, babu mai tambayar dalili.

Dokta Hadiza: Har ranar da rahoton zai ce hatsi ya fi arha a Dakoro fiye da ko'ina ninki biyar, wani ya ɗauka ya tsara sayen abinci da shi.

Zeinabu: Tunda ana maganar haɗa tablo, ki duba sunayen kasuwanni kafin ki yi nisa. `count(d, kasuwa)` kawai. Na tabbata za ki samu Tessaoua da Tasawa da tessaoua, Guidan Roumdji da Guidan-Roumji da G. Roumdji. Ga R kowanne gari ne daban. `tolower()` da `trimws()` za su rage, `stringi::stri_trans_general(x, "Latin-ASCII")` zai cire alamar kan é, amma rubutun Faransanci da na Hausa babu abin da zai haɗa su sai ke. Yi ɗan tablo mai kolon biyu, yadda aka rubuta da yadda kike so, ki haɗa. Bayan nan `anti_join()` zai nuna maki waɗanda ba su samu abokin haɗi ba. Kuma kullum ki duba `nrow(d)` kafin haɗi da bayansa. In layuka sun ƙaru, akwai suna da ya maimaitu a ƙaramin tablon. Daga dplyr 1.1.1 na farkon 2023 za ki iya sa `relationship = "many-to-one"` ya tsaya da kuskure maimakon ya ninka maki bayanai a ɓoye.

Rakiya: Wallahi kamar kina gaban kwamfutata, kala huɗu na Gidan Runji na samu. Kwanan wata fa? Wasu "03/04/2024", wasu kuma lamba kamar 45200.

Malam Sani: Kar ki ba `as.Date()` irin na farkon ba tare da kin faɗa masa tsari ba. Ba zai yi ƙorafi ba, zai ɗauki 03 shekara, ya ba ki 20 ga Afrilu na shekara ta 3. `lubridate::dmy()` shi ne namu, rana, wata, shekara. Lambar kuwa kwanakin Excel ne: `as.Date(45200, origin = "1899-12-30")` zai ba ki 1 ga Oktoba 2023. Da kin gama yi `range()` ki ga ko akwai ranar da ta faɗa wajen lokacin anketa. Wayar da agogonta ya ɓace tana iya kai ki 1970.

Lawali: Ku yi haƙuri in katse ku. Kowa sai cewa yake sabunta, sauko da pakiti kaza. Da wane rezo? tidyverse, tarin pakitocin su dplyr da readr, kaɗai sai ya cinye maka fas, ya yanke a tsakiya. Ni shi ya sa na tsaya a R tsagwaronsa. `aggregate()`, `merge()`, `tapply()`, `table()` suna nan tun fil azal, ba sa neman intanet, kuma skript ɗin da na rubuta shekarun baya yana tafiya har yau.

Zeinabu: Yana tafiya, amma wa ke iya karanta shi in ba kai ba? 😄

Lawali: Wanda ya koyi R, ba wanda ya koyi dplyr ba.

Isuhu: Kar ku tada muna tsohon faɗa. Lawali na da gaskiya a kan rezo. Ba dole sai tidyverse gaba ɗaya ba, Rakiya na buƙatar readxl, dplyr, lubridate da ggplot2 ne kawai. Kuma mutum ɗaya zai iya saukewa ya raba wa kowa: `.libPaths()` zai nuna maka jakar pakitoci, ka kwafe ta a kile, ka zuba a ɗaya kwamfutar. Sharaɗi, duka Windows ne kuma R ɗin zubi ɗaya, 4.4 da 4.4 misali. Na 4.0 a kan 4.4 rigima ce. Mai son abin ya tsaru ya duba miniCRAN, yana sauko da pakiti da duk waɗanda ya dogara a kansu.

Sai maganar wuta. A RStudio ku kashe ajiye .RData da dawo da shi, ku saba da Ctrl+S a kan skript. In wuta ta ɗauke batir ya mutu, skript ne zai sake gina komi. Abin da ke cin lokaci wurin lissafi ku ajiye shi da `saveRDS()`. Kuma ku yi aiki cikin Project, ku daina `setwd("C:/Users/...")` da ba ya tafiya a kwamfutar kowa sai taku.

Lawali: Wanda kwamfutarsa ke da RAM 4 Go kuma, `data.table::fread()`. Yana gane waƙafi mai ruwa da kansa, kuma da `select =` za ka ɗauki kolon da kake so kaɗai. Wannan pakitin na yarda da shi.

Habsu: Tunda manya na kusa bari in saƙa tawa. Ina aiki da bayanan EDSN-MICS 2012, anketar ƙasa a kan jama'a da lafiya, fishiyen mata. Na ware jihar Maradi na yi `prop.table(table())`, abin da na samu bai yi daidai da na rahoton INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ba. Ina na kauce?

Dokta Hadiza: Nauyi ne ba ki sa ba, ƙanwata. Ba a zaɓi matan nan ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa baki ɗaya ba, gungu gungu aka ɗauka, kuma wasu yankuna an ɗauki fiye da kasonsu don a samu isassun mutane. Pakitin survey na Thomas Lumley shi ne maganin. Karanta da `haven::read_dta()`, ki raba v005, kolon nauyin, da 1000000:

`m$nauyi <- m$v005 / 1e6`
`z <- svydesign(ids = ~v021, strata = ~v023, weights = ~nauyi, nest = TRUE, data = m)`

Sai `svymean()` ko `svyby()`. Abin da mutane ke mantawa: gina z da bayanan ƙasa duka tukuna, sannan ki ware Maradi da `subset(z, ...)` a kan v024, kolon jiha. In kika yanke kafin ki gina, kason zai iya fitowa daidai amma tazarar amincin ta karkace. Ki kuma duba a rahoton su wa aka ƙirga a ƙasan kason, duk mata ne ko masu aure kaɗai. Sau da yawa bambancin daga nan yake.

Mamman: Duk wannan da kun manna wa ChatGPT fishiyen da tuni ya rubuto skript.

Zeinabu: Saƙon kuskure da layin skript, manna masa, yana taimakawa sosai. Fishiyen kuwa a'a. Akwai sunayen ƴan kasuwa, lambobin waya da GPS a ciki, mutane sun ba da su ne bisa amana, kuma ƙasar nan na da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP. Ko nan zauren in za ku turo misali, cire waɗannan kolon ɗin, sannan `dput(head(d, 10))`. Kuma ina shakkar zai kawo maganar dala da kansa in ba ka faɗa masa ba.

Rakiya: Na dawo. Na sabunta R, na yi tablon da Tanti Hadiza ta ce. Ƙananan lambobin kusan duk na masu anketa biyu ne, na kira su, sun ce da dala suka rubuta. Ƴan kaɗan daga Madarunfa naira ce, mai anketar ya ce ya rubuta canjin ranar a littafinsa, zai turo mani hoto. Akwai layuka uku da babu wanda ya tuna, na sa su NA na rubuta dalili. Yanzu zanen ya nuna sauka wajen Oktoba da Nuwamba, ya hau daga Yuni zuwa Agusta. Malamina na son gwaji da zai nuna bambancin watanni. `lm(kudi ~ wata)` ya isa?

Dokta Hadiza: Madalla. Kafin gwaji, zana kowace kasuwa daban da `facet_wrap(~kasuwa)`, ki yi aiki da `median` na kowane wata, don ɗan kasuwa guda mai tsawwalawa kar ya ja layin. Shi `lm()` ɗin naki yana ɗaukar kowane layi mai zaman kansa ne, alhali masu hatsi goma a kasuwa ɗaya rana ɗaya kusan farashi ɗaya za su faɗa maki. Tara su tukuna, lamba guda ga kowace kasuwa a kowace ranar ci, sannan `lm(log(kudi) ~ wata + kasuwa)`. Da log, bambancin zai karantu kusan a matsayin kaso cikin ɗari. Wani zai ce ki tafi pakitin lme4, amma da kasuwa bakwai ni ba zan matsa maki ba.

Malam Sani: Kuma wata ya zama `factor`, kar ki bar shi lamba 1 zuwa 12, in ba haka ba R zai ja miƙaƙƙen layi daga Janairu zuwa Disamba, hawa da saukar su ɓace. Sa Oktoba ya zama ma'auni da `relevel(wata, ref = "10")`, sauran watanni a gwada su da kaka. In ya fito turo `summary()` mu duba tare.